Birnin Kudu da Ƙauyukanta: Tarihin Garin da Baƙi Suka Raya

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Takai ya nufi Ningi ko Gwaram, bayan tafiyar kilomita kamar 120 zai ga ƙasa ta fara sake kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki su ja da baya, duwatsu su fara bayyana, manya-manya, wasu a ɗore bisa wasu kamar da hannu aka aza su. A tsakanin waɗannan duwatsu Birnin Kudu take. Ba babban gari ba ne idan aka auna shi da Kano ko Zariya, kuma tun daga jihadi zuwa yau bai zama gidan sarki mai tuta irin na Haɗeja ko Katagum ba. Duk da haka sunansa ya yi nisan da ya fi girmansa. Masu binciken kayan tarihi a ƙasashen Turai sun san shi, manyan ma'aikata da attajirai da yawa sun yi ƙuruciyarsu a makarantarsa, sa'an nan marasa lafiya daga Jigawa da Bauci da gabashin Kano suna kwana a asibitinsa.

Abin da ya kamata a lura da shi tun da fari shi ne, akwai wani irin gari wanda ba yawan jama'arsa ne ke raya shi ba, kuma ba ƙarfin sarautarsa ba, sai dai wani abu da baƙi suke zuwa nema a cikinsa. Irin wannan gari ba ya iya ciyar da baƙinsa shi kaɗai. Dole ya jingina da ƙauyukan da ke kewaye da shi, waɗanda ke kawo masa hatsi da nono da itace da 'yan ƙwadago, alhali kuwa idan aka zo rubuta tarihi sunan garin kaɗai ake ambata. Birnin Kudu irin wannan gari ce. Surko da Kiyako da Kangire da Kantoga da Sundimina da Wurno da Bamaina da sauransu su ne ƙauyukan da suka ɗauke ta a kafaɗa. Domin a fahimci wannan dangantaka sosai, yana da amfani a fara leƙa wata ƙasa mai nisa inda irin wannan gari ya daɗe da samun suna da tsari na musamman, watau Jamus.

Garin wanka a bakin kogin Lahn

A ƙasar Jamus akwai garuruwa fiye da 350 waɗanda hukuma ta amince da su a matsayin wuraren jinya da hutawa. Da yawansu sunansu yana farawa da kalmar Bad, wadda ma'anarta wanka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bad Ems, wani ɗan gari a bakin kogin Lahn, kusa da birnin Koblenz, wanda mutanensa ba su wuce 10,000 da yawa ba. Arzikinsa ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsu da ɗuminsa, wani ma zafinsa ya haura digiri 50, yana ɗauke da gishiri da kanwa waɗanda likitoci suka ga suna taimakon masu ciwon ƙirji da maƙogwaro. A ƙarni na 19 garin ya zama matattarar sarakuna. Jirgin ƙasa ya iso shi a 1858. Sarkin Rasha Alizanda na biyu ya sha zuwa, marubucin nan Dostoyebski ya yi jinya a can har sau huɗu, Sarki Wilhelm na ɗaya kuwa kusan kowace bazara a nan yake yin ta.

A ranar 13 ga Yuli 1870 jakadan Faransa, Benedetti, ya tari Sarki Wilhelm yana yawon shan iska a bakin kogin, ya gabatar masa da wata buƙata game da gadon sarautar Sifen. Sarki ya ƙi cikin ladabi. Aka buga wa Bismak waya a Balin aka ba shi labari, shi kuwa ya datse maganar ya bar mata kaifi kawai, ya ba jaridu. Kwana shida bayan haka Faransa ta ƙaddamar da yaƙi, yaƙin da ya ƙare da haɗewar Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871. Wannan Bismak ɗin shi ne ya kira taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, saboda haka ba za a ce lamarin bai shafi ƙasar Hausa ba.

To, a duk wannan labari babu inda aka ambaci mutanen Dausenau ko Fachbach ko Nievern, ƙauyukan da ke jere a bakin kogin. Amma daga irinsu ne ake samun masu wanki da masu dafa abinci da masu kawo madara, kuma mazansu da yawa ba su dogara da baƙi ba ma sam, suna aikin narka ƙarfe a Nievern ko haƙar darma da azurfa a ramukan Ems, aikin da ya ci gaba har 1945. A riƙe wannan hoto, za a komo gare shi.

Baƙin farko: masu shanu marasa tozo

Birnin Kudu ba ta da ruwan ɗumi. Akwai dai na Wikki a dajin Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina, amma shi a tsakiyar gandun namun daji yake, gari bai tsiro a bakinsa ba. Abin da Allah ya ba Birnin Kudu shi ne dutse. Dutse kuwa a ƙasa irin wannan ba ƙaramar baiwa ba ce, domin yana tara ruwan sama a kwarinsa, yana ba da inuwa da mafaka, yana kuma ba mai tsaro wurin hango abokin gaba tun daga nesa.

Shaidar farko ta zaman mutane a wurin tana jikin duwatsun ne. A cikin kogunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen dabbobi, galibinsu shanu, an yi su da jar ƙasa da fara. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yawancin shanun ba su da tozo. Wasu masu dogayen ƙahoni ne, wasu masu gajeru, irin muturun da yanzu sai an gangara kudu ake gani. Shanu masu tozo, watau kakannin bunaji da rahaji da Fulani ke kiwo a yau, asalinsu daga nahiyar Asiya ne, kuma ba su bazu a Afirka ta Yamma ba sai daga baya. Saboda haka wanda ya zana saniya marar tozo a Habude ya zana abin da yake gani ne a zamaninsa, zamanin da ya gabaci garken da aka sani yanzu. Bisa wannan hujja masana suka ce zanen ya haura shekara 1,000, wasu ma suna kai shi 2,000. Har ila yau, shanu marasa tozo suna jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, wanda ke nuna alamar cewa ƙasar ta fi yanzu duhuwa da damshi sa'ad da aka yi zanen.

Akwai wata alaƙa da Jamus a nan wadda ba kowa ya kula da ita ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim ya sauka Kano a 1851, yana daga Turawan farko da suka ba da labarin shanu sassaƙaƙƙu a duwatsun Sahara, waɗanda ya gani a ƙasar Fezzan a 1850. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, da aka kwatanta shanun Birnin Kudu da na tsakiyar Sahara sai aka ga kama a tsakaninsu. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa makiyaya sun yi ta gangarowa kudu sannu a hankali yayin da hamada ke bushewa.

Wanda ya kai labarin duwatsun ga duniyar masana shi ne Bernard Fagg, Baturen da ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952 ya kuma yi suna da binciken gumakan Nok. A 1955 ya yi aiki a Birnin Kudu, ya gabatar da sakamakonsa a taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Libinston a wannan shekara. Ban da zanen, ya tarar da wani abu wanda ya fi ba shi mamaki, watau duwatsun kiɗa. Faifan dutse ne ko ƙaton gutsure wanda ya zauna a yadda idan aka buge shi da ɗan dutse sai ya yi amo kamar kuge, kowane gefe da muryarsa. Gurbin bugun ya lotsa ya yi santsi saboda daɗewar da aka yi ana kaɗawa. Rahoton da ya buga a 1956 shi ya sa aka shiga neman irinsu a wasu wurare, aka kuwa same su da yawa a Nijeriya da Uganda da Sudan da wasu ƙasashe.

Ana cewa Fagg ne ya gano duwatsun. Wannan magana tana bukatar gyara. Shi da kansa ya rubuta cewa a lokacin 'yan matan garin sukan raka amarya kogon dutse gabanin a kai ta ɗakin miji, su yini suna kaɗa duwatsun suna waƙa. Abin da amare ke wasa da shi ba ɓatacce ba ne balle a gano shi. Abin da Bature ya kawo shi ne awo da hoto da rubutu, da kuma dokar kayan tarihi ta 1953 wadda a ƙarƙashinta aka sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ya zo da wani sakamako wanda ba a yi niyya ba: daga ranar da dutse ya zama na gwamnati, mutanen da suka gaje shi suka fara kallonsa kamar kayan wani.

Bakin iyaka

Baƙi na biyu mayaƙa ne. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908 aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933, ya nuna cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga wajen 1438 zuwa 1452, ya fita ya yi sansani na shekara ɗaya da rabi a wani wuri wanda masana da yawa suke ɗauka Kudu ce. Da ya koma gida sai Galadima Dawuda ya ci gaba da yaƙi a ƙasashen kudu har shekara bakwai, yana aiko da bayi dubu-dubu, waɗanda aka kafa wa garuruwa 21. A cikin wannan sarki ne kuma aka fara ƙulla aure tsakanin gidan sarautar Kano da na Dutse da Shira da Rano. Ko da an rage wani abu daga lissafin marubucin, ma'anar a fili take. Tun ƙarni na 15 Kano tana kallon wannan yanki a matsayin ƙofarta ta kudu maso gabas, inda ake fita neman bayi, inda kuma abokan gaba ke shigowa. Sunan garin ma daga bakin Bakano ya dace, domin mutumin Bauci ba zai kira wurin kudu ba.

Zaman bakin iyaka yana da riba ga birni, yana da tsada ga ƙauye. Idan runduna ta sauka shekara ɗaya da rabi, wani ne ke ba da dawar da dakaru za su ci da harawar da dawaki za su ci, kuma ba sarki ne ya noma su ba. Idan kuwa abokan gaba suka iso, kamar yadda Kwararafa suka yi ta yi wa Kano a ƙarni na 16 da na 17, mai ganuwa yakan rufe ƙofa, mai gona ya bar amfaninsa a fili. Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, ya gina gida a Takai domin ya matso kusa da wannan iyaka.

Lokacin da yankin ya fi shan wuya shi ne rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma abin takaici shi ne fitinar ba a nan ta samo asali ba. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa, kusa da Kano, bayan saɓani da hukuma a kan kuɗin ƙasa. Suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa mulkin da ya gagari Kano da Bauci da Zazzau fiye da shekara 50. A zamanin Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, mayaƙan Ningi sukan fito da rani su faɗa wa ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram da Sumaila da Rano, su kwashi mutane da dabbobi su koma cikin dutse. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, daga 1855 zuwa 1882, ya ci shekaru yana fama da su, yana zama a Takai da wasu sansanoni, yana ƙarfafa garuruwan ribaɗi. Watau gardamar haraji da aka yi a bakin Kano, talakan bakin iyaka ne ya biya ta da 'ya'yansa.

Wannan zamani ya bar tabo a taswirar yankin. Mutane suka bar zaman gona-gona suka tattaru a garuruwa masu ganuwa ko masu kafi, shi ya sa har yau ake jin sunaye irin su Kafin Gana. Birni ya cika da 'yan gudun hijira, sarautarsa ta ƙara ƙarfi, saboda wanda ya ba ka mafaka shi zai yanka maka haraji. Da basasar Kano ta ɓarke a 1893, a Takai Yusufawa suka kafa sansani, kuma daga garuruwan kudu maso gabas suka tara mafi yawan ƙarfin da Aliyu Babba ya shiga Kano da shi a 1894. Yaƙin 'yan sarki ne a kan gadon ubansu, amma rumbunan wannan yanki ne suka ciyar da shi. A daidai waɗannan shekaru kuma annobar shanu da Fulani suka sa wa suna Sannu ta share garkuna a duk ƙasar, wajen 1890 zuwa 1891.

Gyaɗa, makaranta, asibiti

Turawa sun ci Ningi a 1902, suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Da hari ya ƙare, ganuwa ta rasa aiki. Mutane suka fara fita suna sheme daji, sababbin unguwanni suka tsiro, kuma da abin ya tsaya a nan da birnin ya koma ƙauye babba kawai. Abin da ya riƙe shi shi ne tsarin gunduma da aka shimfiɗa a ƙasar Kano wajen 1907 zuwa 1908, inda kowane yanki ya zama dunƙule ɗaya ƙarƙashin hakimi mazaunin gundumarsa. Sarkin Kudu ya zama hakimi, a garinsa alƙali yake, a nan malaman haraji suke, nan dagatai ke kawo haraji da jangali kafin a wuce da su baitulmalin Kano. Mutumin Surko wanda dā tsoro ke kai shi birni, yanzu takarda ke kai shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Reshen da aka ja zuwa Nguru ya bi ta arewa maso gabas, ta Ringim, bai zo nan ba. Saboda haka rabon Birnin Kudu shi ne ta zama wurin tara kaya a mahaɗar hanyoyin Kano da Gwaram da Ningi, a auna gyaɗa a ɗura a buhu a wuce da ita. Dalar gyaɗar da aka yi ta ɗaukar hotonta a Kano, wani kaso nata gumin manoman nan ne, amma ba wanda ya taɓa kiranta dalar Kangire ko ta Sara. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, wanda ya sauke wa talaka kaya, ya kuma tsinke igiya mafi kauri da ta ɗaure ƙauye da gidan hakimi.

Kafin wannan igiya ta tsinke an riga an ƙulla wasu. Makarantar kwana ta gwamnati da aka kafa a garin tun zamanin En'e ta kawo wani sabon nau'in baƙo, yaro ɗan birnin Kano ko wata gunduma wanda zai zauna shekara biyar ya tafi. Aliko Ɗangote yana cikin waɗanda suka gama ta a 1978. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to, ɗalibi raɓa ce mai daɗewa, kuma yakan tafi da sunan garin a bakinsa duk inda ya je. Yankin kansa bai tashi a banza ba: gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ɗan garin ne, Sule Lamido kuwa, ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, gwamna daga 2007 zuwa 2015, a Bamaina aka haife shi a 1948.

Asibiti shi ne ya fi kusantar da Birnin Kudu ga misalin garin wanka. Babban asibitin garin, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓa ta mai da shi cibiyar lafiya tata wajen shekarar 2000, tare da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, sun mai da garin wurin da ake zuwa neman sauƙi. Duk majinyaci ɗaya yana tafe da mai jinya ɗaya ko biyu, su kuwa za su ci abinci, su sayi magani, su hau babur, su nemi wurin kwana. Mai shayi da mai kemis da mai tuwo a bakin ƙofar asibiti, albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin baƙon Ems da baƙon Kudu. Na Ems a ƙarni na 19 mai kuɗi ne, ya zo da guzurin da ya tara a Balin ko Mosko ya zube a garin, har da na caca kafin a haramta ta a 1872. Daga baya, bayan dokokin inshorar ma'aikata da aka fara a 1883 aka faɗaɗa a 1957, baƙon ya zama ma'aikaci wanda asusun inshora ke biya masa. Ko ta wace hanya, kuɗin daga waje suke shigowa. Baƙon Kudu kuwa sau da yawa manomi ne daga Kiyako ko Fagam ko Basirka, wanda ya sayar da akuya ko buhun dawa ya zo. Kuɗin da ke raya kasuwar bakin asibiti, banda albashin ma'aikata, daga ƙauyukan nan suke fitowa, kamar dai harawar dawakin Abdullahi Burja.

Wa ke da dutse?

Gari mai cin albarkacin baƙi kullum makomarsa tana hannun waɗanda ba mazaunansa ba. Garuruwan wanka na Jamus sun ɗanɗana wannan a 1997, lokacin da sabuwar doka ta rage kwanakin jinyar da inshora ke biya daga mako huɗu zuwa uku. Gidajen jinya da yawa suka rufe, ma'aikata suka rasa aiki, ba don ruwan ya huce ba. Haka Birnin Kudu. A wani ofis aka shata hanyar jirgi ta kauce mata. A wani ofis aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka sa hedkwatarta a Dutse, aka kuma sa Birnin Kudu da Gwaram a ƙarƙashin masarautar Dutse bayan ɗaruruwan shekaru suna fuskantar Kano. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu mutum fiye da 300,000, mafi yawa a jihar, kuma galibinsu ba a cikin garin suke ba.

Inda Bad Ems ta yi wa Birnin Kudu nisa ba a ruwa ba ne, a tsari ne. Duk baƙon da ya kwana a garin wanka yana biyan wani ɗan kuɗi a kan kowane dare, wanda ke shiga asusun garin domin gyaran lambuna da hanyoyi da wuraren shan ruwan. Sa'an nan tun farkon shekarun 1970 garin da ƙauyukansa suna da ofishin mulki ɗaya, alhali kowane ƙauye yana riƙe da majalisarsa da shugabansa, kuma a 2019 aka haɗa wannan ƙungiya da ta maƙwabciyarta Nassau. Da wannan haɗin kai da adana gine-gine Bad Ems ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2021, tare da wasu garuruwan wanka goma na ƙasashen Turai bakwai.

A nan kuwa, ma'aikacin da ya so ya yi wa Dutsen Habude wani abu zai tarar da igiyoyi uku a hannu uku. Kayan tarihin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979, wadda ke da ɗan ofishin bayani a garin. Ƙasar da dutsen ke kai tana hannun gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Kasuwa da tasha da ƙananan hanyoyi na ƙaramar hukuma ne. Izinin fasa dutse domin tsakuwar gini shi ma daga tarayya yake fitowa, daga wata ma'aikata dabam. Dagaci da mai unguwa, waɗanda su ne suka san yaron da ya rubuta sunansa da gawayi a kan saniya mai shekara dubu, ko mafaraucin da ya hura wuta a cikin kogo hayaƙi ya turnuƙe zanen, ba su da kaso a cikin abin da wurin ke kawowa, ba su kuma da iko a kansa a rubuce. Ba za a zargi mutum da sakaci da kayan da aka gaya masa ba nasa ba ne.

Alhali kuwa abin da za a nuna wa baƙo bai tsaya a kogo uku ba. Irin wannan zane yana nan a Shira da Geji a Jihar Bauci, duwatsun yankin a jere suke daga Birnin Kudu har Fagam da Farin Dutse, kufan ganuwa da na kafi suna nan a gonakin mutane, kuma a Gwaram Tsohuwa da ƙauyukan bakin kogin Bunga akwai gidajen da har yanzu suke riƙe da labarin kakan da Ningawa suka kama ko wanda ya tsere musu. Wannan kashi na tarihin ba ya cikin littafin sarakunan Kano, ba ya kuma cikin rahoton Razdan. A bakin tsofaffi yake, kuma ɗalibin da ya ɗauki na'urar naɗar magana ya yi mako biyu a Surko zai dawo da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Nijeriya tana da wurare biyu a jerin UNESCO, Sukur tun 1999 da kurmin Osun na Oshogbo tun 2005. Duwatsun da aka fara rubuta labarin kiɗan dutse a kansu ba su ciki.